Labarin Susana Wesli, Uwar Da Ba Ta Rowar Yabo Ga 'Ya'yanta

A ƙasar Ingila, wajen gabas, akwai wani ƙaramin gari da ake kira Epworth, yana tsakiyar fadamu, inda a zamanin dā hanya takan dagule da ruwa har baƙo ya rasa ta inda zai shiga. A can ne wata mace ta zauna kusan shekara 40 a gidan malamin ikilisiya, tana fama da talauci, da ciwo, da yawan haihuwa. Ba ta hau gadon sarauta ba, ba ta ƙetare teku domin wa'azi ba, ba ta kuwa buga littafi da ranta ba. Duk da haka masu bi na ƙasashe da yawa sun san sunanta har wa yau, saboda yadda ta goyi 'ya'yanta. Sunanta Susana Wesli, ita ce uwar Yohanna Wesli da Charles Wesli, waɗanda Allah ya ta da ikilisiyar Metodis ta hannunsu.

An haife ta a Landan ran 20 ga Janairu, 1669. Ubanta, Samuila Annesley, babban mai wa'azi ne daga cikin waɗanda suka rabu da Ikilisiyar Ingila saboda lamiri, ita ce kuwa autarsa a cikin 'ya'ya 25. Mutumin nan bai hana 'ya'yansa mata ilimi ba, ya bar ƙofar ɗakin littattafansa a buɗe gare su. Tun ba ta cika shekara 13 ba, Susana ta binciki gardamar da ke tsakanin jama'ar ubanta da Ikilisiyar Ingila, ta auna hujjojin kowane gefe, sa'an nan ta zaɓi Ikilisiyar Ingila, watau wadda ta fitar da ubanta daga aikinsa. Bai kore ta ba, bai kuwa daina ƙaunarta ba. A ganina nan ne tushen abin da za mu gani a gaba, gama yarinyar da ubanta ya saurare ta tana ƙarama, ita ce ta girma ta zama uwa mai sauraron yara.

A shekara ta 1688 ta auri wani saurayi mai ilimi, Samuila Wesli, wanda shi ma ya bar jama'ar iyayensa ya shiga Ikilisiyar Ingila. Suka zauna a Landan, suka zauna a wani ƙauye da ake kira South Ormsby, daga bisani aka ba shi ikilisiyar Epworth. Ta haifa masa 'ya'ya 19. Tara suka mutu tun suna jarirai, goma suka girma, maza 3 da mata 7. Samuila mutum ne mai tsoron Allah, mai ƙwazo wajen rubutu, amma ba shi da dabarar riƙon kuɗi, yana kuwa da zafin rai. A 1701 suka sami saɓani a kan addu'ar da yake yi domin Sarki Wiliyam, gama Susana ba ta yarda shi ne mai hakkin gadon ba, ta ƙi cewa amin. Ya yi fushi ya bar gida watanni da dama. A 1705 aka kulle shi a kurkukun Linkon saboda bashi. Ta cire zobbanta ta aika masa domin ya sayar ya ci abinci, shi kuwa ya komo mata da su. Na faɗi waɗannan ne domin kada mai karatu ya zaci a cikin daula ta yi aikinta, ko ya ce haƙuri da yara sai mai wadata.

Ga yadda makarantarta take. Ba ta fara koya wa yaro karatu sai ya cika shekara 5. Ana gobe za a fara, sai a gyara gida, a ba kowa aikinsa, a gargaɗi kowa kada ya shiga ɗakin daga ƙarfe 9 zuwa 12, da kuma daga ƙarfe 2 zuwa 5. A wannan rana ɗaya yaron zai san baƙaƙe duka, manya da ƙanana. Da ya san su sai ta buɗe masa sura ta fari ta Littafin Farawa, ya haɗa aya ta fari baƙi baƙi, ya yi ta maimaitawa har ya karanta ta ba tuntuɓe, kana ya wuce ta biyu. Ɗan farinta, Samuila ƙarami, wanda ya yi nauyin baki ƙwarai har aka ji tsoro ko bebe ne, ya fara karatu a watan Fabrairu, kafin idin Fentikos yana karanta sura ɗungum.

'Ya'yanta mata biyu, Moli da Nansi, sai da suka yi yini ɗaya da rabi kafin su riƙe baƙaƙen. A lokacin nan uwarsu ta ɗauke su daƙiƙai. Amma da ta ga yadda 'ya'yan mutane sukan daɗe a kan wannan abu, sai ta gane ta yi musu rashin adalci a zuciyarta, ta sake ra'ayi, har ta rubuta wannan kuskure nata da hannunta ba ta ɓoye ba. Iyaye nawa ne suka taɓa kiran yaro daƙiƙi, don kawai wansa ya fi shi sauri, ba su kuwa komo sun janye maganar ba?

An ba da labari, wata rana mijinta yana zaune yana jin yadda take koya wa ɗaya daga cikin yaran, yana ƙidayawa a ransa, har ya ga ta faɗa masa abu guda sau 20. Ya yi mamakin haƙurinta, ya gaya mata. Ta amsa masa cewa da ta tsaya a na 19 da duk wahalarta ta tashi a banza, gama na 20 ɗin ne ya kama.

Da daren 9 ga Fabrairu, 1709, wuta ta kama gidan, wanda na katako ne da jinka. Susana tana da tsohon ciki, ta ratsa harshen wuta ta fita, ta ƙone a hannu da ƙafa. Da aka ƙidaya yara a waje sai aka ga babu Yohanna, yana ɗan shekara 5, an bar shi yana barci a bene. Uban ya yi ƙoƙarin hawa, matakala ta ƙone. Sai ga yaron a taga. Wani mutum ya hau kafaɗar wani ya sauko da shi, nan da nan jinka ta rufta. Samuila ya kira maƙwabta su durƙusa su yi godiya ga Allah, gama ko da gida ya tafi, 'ya'yansa suna nan duka.

Bayan gobarar aka rarraba yaran gidajen mutane har a sake gini. Da suka komo, uwar ta tarar sun kwaso halin da ba ta san su da shi ba, maganar banza, da rashin ladabi, da rashin kula da ranar Ubangiji. Ba ta zauna tana zagin waɗanda suka riƙe su ba, ta sake aikin daga fari. Ta sa a fara makaranta da raira zabura, a rufe da ita. Ta kuma haɗa su biyu biyu, babba ya ɗauki ƙarami su keɓe, ya karanta masa zabura da sura guda, safe da yamma. Ta haka babban ya ga an amince da shi, ƙaramin kuma ya sami mai kula da shi.

A shekara ta 1732, sa'ad da Yohanna yana koyarwa a Oksfod, ya roƙe ta ta rubuta masa yadda ta goye su. Ta rubuta masa doguwar wasiƙa ran 24 ga Yuli, shi kuwa ya sa ta cikin littafin labarin kwanakinsa bayan rasuwarta, shi ya sa muka san waɗannan al'amura. Wajibi ne in faɗi gaskiya, akwai tsanani a cikin wasiƙar nan. Ta ce tun yaro yana shekara guda takan koya masa tsoron tsumagiya da yin kuka a hankali, ta kuma ɗauka aikin fari na iyaye shi ne su rinjayi taurin kan yaro. Haka mutanen zamaninta suka saba, amma ba mu ba kowa shawara ya ɗaga hannu a kan jariri ba, gama ɗan shekara guda bai san laifi ba tukuna, duka kuwa tsoro kaɗai yake koya masa. Susana 'yar Adam ce, ba a bin ta a kowane abu. Amma a ƙarshen wasiƙar ta jera dokoki 8 na gidanta, a cikinsu ne hikimarta ta fi bayyana, su ne kuma dalilin wannan ɗan littafi.

Ta lura tsoron duka shi yake jan yara zuwa ƙarya, har ƙaryar ta zama musu jiki. Saboda haka ta kafa doka, duk wanda aka tuhume shi da laifi, in ya faɗi gaskiya ya yi alkawarin gyarawa, ba za a doke shi ba. Ta shaida dokar nan ta hana ƙarya mai yawa a gidanta. Ta kuma kafa cewa ba a yi wa yaro faɗa ko horo sau biyu a kan laifi guda, in kuwa ya gyara, ba mai sake goranta masa har abada. Ka duba wannan da kyau, ya kai mai karatu. A gidaje da yawa, yaron da ya fasa tulu yana shekara 6, ana tuna masa da tulun nan har ya yi gemu. Ubangiji ba haka yake yi da mu ba. Sa'ad da ya gafarta, ba ya sake tono abin da ya binne, wanda kuwa ya ɗanɗana wannan gafara bai kamata ya riƙe wa ɗansa tsohon lissafi ba.

Sa'an nan ga dokar yabo. Duk lokacin da yaro ya yi biyayya ta a zo a gani, musamman in biyayyar ta saɓa wa abin da ransa yake so, lalle ne a yaba masa, sau da yawa kuma a ba shi lada gwargwadon abin da ya yi. Ka lura da abin da take yabo. Kyan fuska da kaifin ƙwaƙwalwa kyauta ce daga Allah, yaro bai yi wahalar kome ba ya same su, in aka yi ta kuranta shi a kansu sai girman kai ya shige shi. Abin da Susana take nema da ido shi ne wurin da yaron ya yi yaƙi da kansa ya ci, kamar ya bar wasa mai daɗi ya amsa kira, ko ya ba ƙanensa abin da shi kansa yake marmari. Irin wannan nasara ƙarama ce a idon babba, amma a wurin yaro babba ce ƙwarai, in kuwa ba wanda ya gani, zai ce a ransa, ashe sai laifi kaɗai ake gani a gidan nan.

Dokar da ke biye da ita ta fi ta zurfi. In yaro ya yi wani abu da nufin ya faranta wa iyayensa rai, ko da aikin bai yi kyau ba, sai a karɓi niyyarsa da fara'a, kana a nuna masa da taushin murya yadda zai yi ya fi kyau nan gaba. A ce yarinya 'yar shekara 4 ta ga uwarta ta gaji, ta ɗauki tsintsiya ta hau shara, ta ta da ƙura ta zuba a cikin garin tuwo. Uwar tana da hanya biyu a gabanta. Tana iya duban garin ta daka mata tsawa, yarinyar kuwa za ta koyi cewa taimako abin haɗari ne, gobe sai ta naɗe hannu. Tana kuma iya duban zuciyar da ta ɗauki tsintsiyar, ta ce mata sannu da aiki, madalla, sa'an nan ta nuna mata yadda ake yayyafa ruwa kafin shara, a kuma rufe abinci. Garin ya riga ya ɓaci ko ta wace hanya, amma ta hanya ta biyu ba a yi hasarar yarinyar ba.

Wannan ba dabarar Turawa ba ce, daga Littafi Mai Tsarki ta samo ta. Manzo Bulus, a wasiƙarsa zuwa ga Kolosiyawa sura 3, ya gargaɗi ubanni kada su matsa wa 'ya'yansu har su karai. A Markus sura 10, sa'ad da almajirai suka tsauta wa masu kawo yara, Yesu ya ji haushin almajiran, ya rungumi yaran ya sa musu albarka. A sura 12 ya yabi gwauruwar da ta saka 'yan kuɗinta biyu, ba domin yawansu ba. Mu kanmu, wace hidima muka taɓa yi wa Allah wadda ba ta da ƙura a ciki? Duk da haka yana karɓa saboda Kristi.

Na sani a wurinmu akwai abin da yakan ɗaure bakin iyaye. Akwai kunya, musamman ta ɗan fari, har uwa ba ta kiran sunansa balle ta yabe shi. Akwai kuma tsoron baki, wai in an yabi yaro wani abu zai same shi. Kunya abu ne mai kyau a wurinta, ba kuwa wanda ya ce ka tsaya a dandali kana yi wa ɗanka kirari. Amma tsakaninka da shi, a cikin ɗaki, ba kunyar da za ta hana ka ce masa ka ga abin da ya yi, ka kuwa ji daɗi. Zancen baki kuwa, wanda ya ba da kansa ga Kristi ya fita daga ƙarƙashin wannan tsoro, shi da gidansa suna hannun Makiyayi.

Sauran dokokin na adalci ne. Ba mai taɓa kayan ɗan'uwansa sai da yardarsa, ko da abin bai kai anini ba. Alkawarin da aka yi wa yaro sai an cika, kyautar da aka ba shi kuma ba a karɓewa. Ba a sa yarinya ɗinki sai ta iya karatu sosai, gama Susana ta ga sa 'yan mata aiki da wuri shi ya hana matan zamaninta iya karatu. Ta kuma koya wa yaran su roƙi ko baran gida da ladabi in suna son wani abu.

Akwai wani abu kuma da ta yi wanda ya fi kowane lada. Ta ba kowane yaro darensa, su zauna su biyu su yi zance a kan ransa da abin da ke damunsa. Litinin ta Moli ce, Talata Heti, Laraba Nansi, Alhamis Yohanna, Jumma'a Pati, Asabar Charles, ran Lahadi kuwa Emiliya da Suki tare. A gida mai yara da yawa, inda ƙarami yakan ɓace a cikin taro, kowa ya san akwai sa'ar da uwarsa take tasa shi kaɗai. Yohanna bai manta ba. Yana kusa da shekara 30, malami a jami'a, ya rubuta mata yana roƙo ta riƙa keɓe masa ɗan lokacin nan na daren Alhamis kamar dā.

A damunar sanyi ta 1711 zuwa 1712, mijinta yana Landan wajen taron malaman ikilisiya, ta fara tara 'ya'yanta da barorinta ran Lahadi da yamma a ɗakin girki, tana karanta musu wa'azi suna addu'a. Maƙwabta suka ji suka roƙi izinin zuwa, har taron ya kai mutum 200. Na'ibin da aka bari ya kai ƙara wurin Samuila. Ta rubuta wa mijinta cewa in yana so ta bari, kada ya ce mata yana so kawai, sai ya ba da umarni a fili, domin alhakin rayukan nan ya koma wuyansa. Bai ba da umarnin ba. Yohanna yana ɗan shekara 8 yana zaune a cikin taron nan yana kallo.

Kada kuwa a ce duk wanda ya bi dokokin nan 'ya'yansa za su tsira daga baƙin ciki. Yawancin 'ya'yanta mata, da iliminsu duka, sun sha wuya, waɗansu a hannun mazan da ba su dace da su ba, Heti kuwa ta yi tuntuɓe, ubanta ya daɗe bai yafe mata ba. Susana ta ga waɗannan duka da idonta, ta kuma binne waɗansu daga cikin waɗanda ta goya har suka girma.

Samuila ya rasu a 1735. Gidan na ikilisiya ne, sai ta fita ta riƙa zama wurin 'ya'yanta bi da bi. A wannan shekara aka nemi Yohanna da Charles su tafi Jojiya a Amurka domin aikin bishara. Yohanna ya yi nauyin barin uwarsa gwauruwa, ya kai mata maganar. Ta ƙarfafa su su tafi, ta ce ko da tana da 'ya'ya maza 20 za ta yi murna a ce duk wannan aiki suke yi, ko ba za ta sake ganinsu ba. Daga baya, sa'ad da Yohanna ya ji wani mutum mai suna Toma Maxfield, wanda ba a naɗa shi ba, yana wa'azi a Landan, ya zo a fusace domin ya hana shi. Uwar ta tare shi ta ce ya yi hankali, ya fara jin mutumin ya ga amfanin wa'azinsa tukuna, gama ita ta tabbata Allah ne ya kira shi. Ya ji, ya yarda. Masu wa'azi irin wannan, waɗanda ba a naɗa ba, su ne suka kai aikin Metodis ƙauyukan Ingila. Charles kuma ya rubuta waƙoƙin sujada fiye da 6,000. A 1842, shekara 100 daidai bayan rasuwarta, mai bishara na Metodis, Toma Birch Freeman, ya sauka a Badagiri.

Kwanakinta na ƙarshe ta yi su a Landan, a ɗakunan Yohanna da ke jikin gidan sujadar da ake kira Foundery, inda dā ake zuba igwa. Da ta ga lokaci ya yi kusa, ta roƙi 'ya'yanta cewa da zarar an sallame ta su raira zabura ta yabo ga Allah. Ta rasu ran 23 ga Yuli, 1742, tana da shekara 73, Yohanna da 'yan'uwansa mata suna tsaye kewaye da gadon, suka kuwa raira kamar yadda ta roƙa. Ran 1 ga Agusta aka binne ta a maƙabartar Bunhill Fields, inda kabarin Yohanna Bunyan yake, ɗanta Yohanna ya yi wa'azi a bakin kabarin ga taro mai yawan gaske.